Digirin digirgir a fannin tsara manufofin gwamnati: me ake karantawa?

Idan ka ji an ce wani yana digirin digirgir a fannin manufofin gwamnati da gudanarwa a Amurka, wataƙila ka ɗauka muhawarar siyasa yake sha kullum. Ina! Shekaru biyun farko lissafi ne zai sha masa kai.

A Ingila yawanci da shigarka za ka kama bincike, ka gama cikin shekara uku zuwa huɗu. A Amurka kuwa sai ka koma aji tukuna, abin ya kai ka shekara biyar ko fiye. Ɗauki Kwalejin Heinz ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh. Za ka yi kwasa-kwasan ƙididdiga, da na tattalin arziki da halayyar ɗan Adam, da taron ƙara wa juna sani inda ake koya maka yadda ake gina tambayar bincike. Sannan ka rubuta takardun bincike biyu, ka kare su gaban malamai, kafin a ba ka damar fara babban kundinka. Wasu jami'o'in jarrabawa suke yi a wannan matakin.

To me ya kawo lissafi haka? Saboda tambayar fannin ita ce: shin wannan dokar ce ta jawo canjin, ko dama can zai faru? A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci kusan 400 a jihohin biyu, kafin ƙarin da bayansa. Wato Pennsylvania ta zama ma'auni: abin da da zai faru a New Jersey in ba a taɓa albashin ba. Ba su ga ayyuka sun ragu ba, saɓanin abin da ake koyarwa a lokacin. Card ya samu kyautar Nobel a 2021.

Irin wannan tunanin ake so ka iya. A ganina, in kana da niyya, gyara aljabararka da ƙididdigarka ya fi maka yawan karanta jaridu amfani. Kuma yawancin shirye-shiryen nan suna yafe kuɗin makaranta, su ba ka alawus, kai kuma ka taya malamai koyarwa ko bincike.