Kumburin Fatar Tumbi da Wajibcin Rubuta Sunansa Daidai

A ƙasar Nahuce da Bunguɗu da Tsafe, wanda ya ji zafi a ƙahon zuci yakan ce gyambon ciki ne. Alhali kuwa sau da yawa kumburin fatar tumbi ne na farat ɗaya. Asfirin da makamantansa da barasa kan haddasa shi, haka kuma ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Marshall da Warren suka gano a Ostareliya a 1982.

Likita yakan tambayi majinyaci game da amai, da launin bayan gida, da magungunan da ya sha. In akwai alamar jini, sai a tura shi babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Na'urar leƙa ciki ce ke raba gardama.

Daga nan sai rubutu. A kundin cututtuka na goma na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, K29.0 ita ce lambar kumburi mai zubar da jini, K29.1 ta sauran kumburin farat ɗaya, K25 kuwa ta gyambon tumbi. Malamin rajista ba ya yin ƙiyasi. Abin da likita ya rubuta shi yake bi. In likita ya gajarta, lamba ta karkace, hukuma kuma ta sayo magani bisa lissafin ƙarya.