Makiyayar da ke ƙarƙashin ruwan teku

Mutumin da ya tsaya a Assamakka, bakin iyakarmu da Aljeriya, ya duba gabas da yamma, ba zai ga kome ba sai rairayi. Amma hamadar nan tana da iyaka. Can yamma, a ƙasar Muritaniya, tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot, rairayin ya gangara cikin tekun Atlantika, a wurin da ake kira Banc d'Arguin. A nan akwai makiyaya mai faɗi, sai dai a cikin ruwan gishiri take.

Ciyawar wurin ba gansakuka ba ce. Tana da saiwa, tana fure, tana ƴaƴa, duk a cikin ruwa. Sau biyu a yini teku yakan janye ya bar wani sashenta a fili, kana ya komo ya rufe ta. Ganyenta yana rage ƙarfin igiyar ruwa, sai laka ta kwanta, saiwa kuma ta riƙe ta. Da haka ruwa yake yin garau, hasken rana ya kai ƙasa, ciyawa ta ƙara yaɗo. In kuwa aka tuge ta, laka ta tashi, ruwa ya gurɓace, sauran ciyawar ma ta mutu don rashin haske. Duk wanda ya ga yadda tudun rairayi yake tafiya bayan an sare itacen da ke riƙe da shi ya san irin wannan ɓarna.

Wani abin mamaki, lakar nan takan tara gubar farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe saiwa. To, akwai ƙananan halittu masu ɓawo da ke zaune a gindin ciyawar, ƙwayoyin da ke jikinsu suna cinye gubar.

A cikin ciyawar ne ƴaƴan kifi suke ɓuya har su girma. Tsuntsaye wajen miliyan 2 sukan zo daga Turai da Siberiya su yi hunturu a wurin. Saboda haka gwamnatin Muritaniya ta keɓe shi a 1976, faɗin murabba'in kilomita 12.000, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Masuntan Imragen kaɗai aka yarje wa su yi su a ciki, su ma da jiragen filafilai, an hana masu inji. A ganinmu wannan doka ta yi daidai, ko da yake manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suna shawagi kusa da iyakar wurin.