Ruwan da ke zuba a bayan motocin Tsamiya

Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota a hanyar Tsamiya, garin da ke ƙaramar hukumar Bagudo a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, mai yiwuwa ya ci karo da wannan zane: ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, itatuwa kore shar, sai wata dabba a gefe. Ana ganin irinsa a shagon aski da kyallen masu ɗaukar hoto.

Wanda ya tsayar da ni yana jikin ƙyauren bayan wata mota ne, ƙura ta rufe rabinsa. Zakin da ke ciki, gaskiya, ya fi kama da kare. Amma a kan ruwan, mai zanen ya nuna ya san aikinsa. Bai shafa farin fenti zalla ba. Shuɗi ya fara shimfiɗawa, sannan ya ja fari a kai da buroshi mai ɗan bushewa, har layukan suka tsattsage kamar feshi. Duwatsun gefe ya yi su baƙi ƙirin, shi ya sa ido ke faɗawa kan ruwan kafin komai. Babu mutum ko ɗaya a cikin dajin, babu bukka, babu hanya.

Sai dai ƙasar Bagudo ba ta da irin wannan ruwa. Kogin Neja a nan shimfiɗe yake, yana ratsa fadamun shinkafa ba hayaniya. Can ƙasa, a Bussa, akwai inda yake rugugi a kan duwatsu, wurin da Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, amma tafkin Kainji ya shanye wurin a 1968. Mai son ganin magangarar ruwa ta gaske sai ya yi doguwar tafiya zuwa Gurara a jihar Neja, ko Farin Ruwa a Nasarawa.

Ko kuma ya tsallaka iyaka. A arewacin Benin, cikin gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga yadda Kogin Neja ya lanƙwashe kamar harafin, akwai magangarar Koudou a kan kogin Mekrou. A da masu yawon buɗe ido kan kwana a wurin, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Benin na gandun cikin wuraren tarihi na duniya.

Yanzu ba mai zuwa shaƙatawa. A ranar 17 ga Afrilun 2025 mayaƙan JNIM suka kai hari kan sansanonin soji a gandun, har da na kusa da Koudou. Gwamnatin Benin ta ce sojojinta 54 ne suka mutu.

Wannan ne ya faɗo min a rai ina kallon dajin da babu kowa a cikinsa, kafin direban ya tayar da mota ya nufi shingen kwastam.