Tsami da Ƙarni

Jama'a, darasinmu na yau a kan abu biyu ne da kowa ya sani a gidansa, wato tsami da ƙarni.

Mu fara da tsami. Lemon tsami, da tsamiya, da nonon da Fulani ke kawowa kasuwar Funtuwa, duk masu tsami ne. Abin da ke sa su tsami masana suna kiransa asid. Asid iri-iri ne, amma waɗannan uku dangi ɗaya ne, sunansu asid kabokzilik. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Scheele, shi ya ware asid ɗin nono a 1780, ya ware na lemo a 1784.

Kome na duniya an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kowane ɗan wannan dangi yana da shaida ɗaya, kamar tsagar gado: ƙwayar kabon 1, da oksijin 2, da haidirojin 1, a manne wuri guda. Kabon shi ne abin da ya cika gawayi. In asid ya shiga ruwa sai ya saki haidirojin ɗin nan, shi ne harshe ke ji da tsami.

To, ƙarni fa? Wannan na wani dangi ne dabam, ana ce da su amin. Shaidarsu naitirojin ce, irin wadda mu ke nema a takin zamani don masararmu ta yi kore. 'Yan'uwan amoniya ne, wato warin nan da ke hawa kai a turken dabbobi. Kifi in ya mutu ya jima, ƙananan ƙwayoyin cuta su kan shiga aiki cikin tsokarsa, amin ya fito ya bi iska har hancinmu. Kifin teku da a ke kawo mana cikin ƙanƙara ya fi na madatsar Mairuwa saurin ƙarni.

Me ya sa uwargida ke wanke kifi da lemon tsami? Dalili ke nan: asid yana ba da haidirojin, amin yana karɓa. Da sun gamu sai su zama wani irin gishiri, shi kuwa ba ya tashi a iska. Sai ƙarni ya kwanta.

Amma a yi hankali. Lemo yana kashe wari, ba ya mai da ruɓaɓɓen kifi sabo. Kifin teku in ya daɗe cikin zafi ya kan tara wani amin mai suna histamin. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. Wanda ya ci, fuskarsa ta kan yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, ga ciwon kai da amai ko zawo. Saboda haka mu sayi kifi yana da sanyinsa, mu dafa shi ran nan. Wanda ya saki jiki ya yi wari, a zubar. Asarar kuɗi ta fi jinya sauƙi.

Saura abu ɗaya, shi ne babba. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu shaida biyu, ta amin da ta asid, a jiki ɗaya. Sunansu amino asid. Su kan kama juna kamar zaren tasbaha, su zama furotin, wato abin da ke gina tsoka da gashi da jini. Iri 20 ne. Guda 9 daga cikinsu jikinmu ba ya iya yi, sai daga abinci.

Dawa da masarar da mu ke nomawa daga Malumfashi har Bakori da Ɗandume suna da ƙarancin ɗaya daga cikin 9 ɗin nan, mai suna laisin. Wake da waken suya kuwa suna da shi da yawa. Yaron da aka yaye, in kullum koko ne da tuwo tsura, cikinsa zai cika amma girmansa zai tsaya. Kada mu kai waken duka kasuwa. Mu rage na gida, a riƙa haɗa wa yara da hatsi, a ƙara da nono ko ƙwai in da hali.

Tambayoyi
1. Me ke sa nono tsami?
2. Don me lemo ke kwantar da ƙarni?
3. Me za mu haɗa wa yaro da tuwo?