Makunnin gaba da baya na fokilif mai batir

Makunnin gaba da baya wani ƙaramin ɓangare ne na fokilif, wato motar ɗaga kaya mai yatsu biyu na ƙarfe a gabanta. Da shi direba yake zaɓar ko motar ta yi gaba, ko ta yi ribas, ko ta tsaya a firi. A yawancin motocin sanda ce a ƙarƙashin sitiyari, a wasu kuma maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsa. Kamfanin Linde na Jamus ya shahara da fedoji biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya, shi kuwa Hyster na Amurka yana da feda guda mai suna Monotrol da ke yin aikin biyu.

Yadda yake aiki

Fokilif mai batir ba ta da giyar ribas irin ta motar fetur. Injin lantarkinta ne yake sauya juyi. Batirinta yakan zama mai bolt 24, 36, 48 ko 80, amma wutar da ke bi ta makunnin kaɗan ce, domin saƙo kawai yake aika wa na'urar da ke sarrafa injin. Idan direba ya juya makunnin zuwa baya alhali motar tana tafiya gaba, injin zai rage gudunta har ta tsaya, sannan ta koma baya. Direbobi da yawa da haka suke tsayar da motar ba tare da taka birki ba. Saboda haka lalacewar makunnin tana shafar tsayuwar motar, ba tafiyarta kaɗai ba. Yawancin sababbin motoci kuma ba sa motsawa idan aka kunna su makunnin ba ya firi.

Alamun lalacewa

Motar takan yi gaba ta ƙi ribas, ko ta yi jinkirin amsawa, ko ta yanke tafiya ta ci gaba da kanta. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da cinyewar ƙarafan da ke haɗa wuta a ciki, karyewar sifirin, sakin waya, da shigar ƙura. A Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙurar shinkafa da riɗi a ɗakunan ajiya, suna gaggauta wannan lalacewa.

Sauyawa

Kafin a sayi sabo, mai wayarin yakan auna makunnin da mita, domin sau da yawa matsalar a waya take ko a makunnin kujerar direba. Ana zare batir kafin a fara aiki, a jira ragowar wutar na'urar ta sauka, sannan a ɗaga tayoyin da ke jan motar daga ƙasa lokacin gwaji.

Galibi daga Kano ko Legas ake samo irin waɗannan kayan gyara, don haka ana aikawa da lambar makunnin da lambar motar, ba hoto kaɗai ba. Makunnai biyu suna iya yin kama a ido amma tsarin wayoyinsu ya bambanta, har motar ta yi baya a lokacin da aka zaɓi gaba. A ɗakin ajiyar da 'yan dako ke aiki a ƙasa kusa da motar da nauyinta ya kai tan uku ko fiye, irin wannan kuskure yana iya jawo asarar rai.