Tikitin Caca da Harajin Riba: Wanne Ya Dace Ya Gina Aji?

Ƙofar Dukawuya tana yammacin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Famfo da Ƙofar Kabuga, kuma da wuya a sami wani yanki na birni da makarantu suka yi wa ƙawanya kamar nan. Ga sakandaren 'yan mata mai ɗauke da sunan unguwar, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka fi sani da FCE, ga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ban da firamare da islamiyyu da ke cikin lunguna. Kowane benci a waɗannan wurare, da kwanon rufi, da albashin malami, daga aljihun wani ya fito. Duniya ta gwada hanyoyi da dama na cika wannan asusu, amma guda biyu sun cancanci a ɗora su a sikeli: cacar da gwamnati ke gudanarwa da sunan ilimi, da harajin da ake cirewa daga ribar kamfanoni.

Maganar ba ta nesa ba ce. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas da wasu jihohi suka shigar, ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, iyakarta Abuja. Ikon tsara caca ko hana ta ya koma hannun majalisun dokokin jihohi. A Kano, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, Hisbah na rufe shagunan cacar ƙwallo, amma cacar ta shige cikin wayar hannu inda babu ƙofar da za a garƙame. Shi ya sa ake jin wasu na cewa: tunda samari ba su fasa ba, me zai hana gwamnati ta karɓi kasonta ta zuba a makarantu kamar yadda ake yi a Amurka? Masu wannan magana ba duka ne 'yan caca ba. Wasunsu sun ga yara a zaune a ƙasa ne, abin ya dame su, don haka sun cancanci amsa mai hujja.

A Amurka, jihar New Hampshire ce ta fara cacar gwamnati ta zamani a 1964, kuma makarantu ta ce za ta tara wa kuɗi. New York ta bi sahu a 1967, Kalifoniya ta amince da tata ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1984, yau jihohi 45 cikin 50 suna da ita. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Gwamnati ta haramta wa kowa irin wannan cacar, ta keɓe wa kanta, ta buga tikiti, shaguna su sayar. Kusan kashi 60 cikin 100 na cinikin, ko fiye, yana komawa ga waɗanda suka ci. Masu shaguna su karɓi la'ada, a cire kuɗin talla da na ma'aikata. Abin da ya rage, wanda yawanci bai kai sulusi ba, shi ke shiga asusun gwamnati. Amurkawa na kashe sama da dala biliyan 100 a shekara wajen sayen waɗannan tikiti.

Jihar da masu goyon bayan tsarin suka fi kafa hujja da ita ita ce Jojiya. Gwamna Zell Miller ya kafa cacar a 1993, aka ɗaure kuɗin da doka a kan sababbin ayyuka: tallafin karatu mai suna HOPE ga ɗaliban da suka ci maki mai kyau, da azuzuwan share fage kyauta ga yara 'yan shekara 4. Ɗalibai masu ɗimbin yawa sun shiga jami'a ta wannan hanya, kuma babu mai musun haka. Masu kare cacar suna ƙara da cewa ba a tilasta wa kowa: wanda ya ga dama ya saya, wanda bai so ba ya wuce.

Ita kuwa hanya ta biyu, tarihinta ya ratsa ta nan maƙwabtan Dukawuya. A ƙarshen shekarun 1980, tsuke bakin aljihu na SAP ya bar jami'o'in Nijeriya ba littattafai, ba kayan gwaje-gwaje, malamai na ficewa ƙasashen waje. Shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994 shi ne Attahiru Jega, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero. Gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar, ta tsare shugabanninta, amma a Satumban 1992 ta zauna da su aka ƙulla yarjejeniya. Da aka ce musu babu kuɗi, malaman suka nuna inda kuɗin yake: ribar kamfanoni. Daga nan aka sami dokar soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta ɗora harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da ke da rajista a ƙasar. A 2011 aka mayar da asusun wannan haraji TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantu, jami'o'i na karɓar rabi, kwalejojin fasaha da na ilimi su raba ɗaya rabin. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023. A 2024 kaɗai an amince a raba sama da naira biliyan 680. Duk wanda ya zaga harabar Jami'ar Bayero ko FCE zai ga sunan asusun a jikin ɗakunan lacca da na karatu.

Ma'auni na farko shi ne wanda ke biya. Tun 1989 masana tattalin arziki biyu, Charles Clotfelter da Philip Cook, suka nuna cewa talaka a Amurka yana kashe kaso mafi girma na abin da yake samu a kan tikiti fiye da mai hali, kuma bincike iri-iri da suka biyo baya sun tabbatar da hakan. Dalilin a fili yake: mai dukiya ba ya buƙatar mafarkin dala miliyan, wanda bashi ya shaƙe wa wuya shi ke buƙatarsa. A Jojiya ma an lura cewa 'ya'yan masu rufin asiri, da suka yi makarantu masu kyau, su suka fi cin moriyar HOPE, alhali unguwannin marasa ƙarfi suka fi sayen tikiti. Kuɗi ke nan yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Harajin riba akasin haka yake: kamfanin da bai ci riba ba babu abin da zai biya, wanda ya ci da yawa ya biya da yawa, kuma shi ne gobe zai ɗauki injiniya da akanta da makarantun suka yaye.

Kanawa sun san bambancin harajin kai da harajin dukiya, domin sun ɗanɗana. Haraji da jangali sun kori magidanta daga garuruwansu a zamanin En'e, jam'iyyar NEPU ta shafe shekaru tana yaƙi da su, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Abin da aka ƙi a lokacin shi ne a tatsi wanda ba shi da shi. Cacar gwamnati tana tatsar mutumin nan dai, bambancin kawai babu dogari a ƙofar gida, shi da kansa yake kai kuɗin yana murna. Batun cewa ba tilas ma yana da rauni. A cacar Powerball ta Amurka, damar cin babbar kyauta ɗaya ce cikin miliyan 292, adadin da ya zarce yawan 'yan Nijeriya baki ɗaya. Gwamnatin da ke biyan kuɗin talla don ta sa jama'arta su manta da wannan lissafi ba za ta ce ba ta da hannu a zaɓinsu ba.

Ma'auni na biyu shi ne yawan abin da ke isa aji. Tallar na sa mutum ya zaci caca ce ke riƙe da makarantu. A Kalifoniya, jiha mai tattalin arzikin da ya fi na yawancin ƙasashen duniya, kuɗin caca kusan kashi 1 ne kacal cikin 100 na abin da ake kashewa a makarantun gwamnati. Binciken da jaridar New York Times ta yi a 2007 ya gano cewa a jihohin da ke ware kuɗin don ilimi, gudummawarsa ba ta wuce kashi 5 ba, wani wurin ma ba ta kai 1 ba. Haka kuma hanya ce mai tsada: kafin naira 1 ta kai makaranta sai jama'a sun zuba kusan naira 3 ko 4. A nan gida, asusun amana na caca da dokar 2005 ta kafa ya raba kayan wasanni ga wasu firamare da kayan aiki ga wasu asibitoci, amma ba wanda zai jera sawunsa da na TETFund.

Ma'auni na uku shi ne ko kuɗin ƙari ne ko musanya. Nan ne cacar ta fi yaudara. A ce jiha na ba ilimi naira 100 a kasafi, caca ta kawo 10. Baɗi sai 'yan majalisa su ware 90, su karkatar da 10 zuwa wani wuri, makaranta tana nan inda take. An zuba ruwa a tulu ta baki, an huda shi ta gindi. Wannan ya faru a jihohi da dama na Amurka, kuma ya zo da wata ɓarnar: idan aka nemi ƙarin haraji don makarantu, sai masu zaɓe su ce ai caca ta ɗauke nauyin. Ko Jojiya da ta kauce wa wannan tarko, a 2011 dole ta rage tallafin HOPE saboda kuɗin makaranta ya fi cinikin tikiti saurin tashi. Idan ciniki ya ja baya, mafitar hukumar caca ɗaya ce: ta ƙara talla, ta ƙirƙiro sababbin wasanni, ta nemo sababbin 'yan caca.

Wannan ya kai mu ga ma'auni na huɗu, wanda ya fi kusa da zuciyar iyaye. Haramcin caca a Musulunci ba abin jayayya ba ne, kuma Alƙur'ani ya ambace ta tare da giya a surorin Baƙara da Ma'ida, ya yarda akwai ɗan amfani a ciki amma ya bayyana cewa cutarwar ta rinjaya. Ko an ajiye batun addini gefe, akwai karo tsakanin abin da aji ke koyarwa da abin da tikiti ke koyarwa. Malama na gaya wa ɗaliba cewa sai ta yi bitar darasi, ta jure shekara da shekaru, kafin ta zama likita. Allon talla a bakin titi na gaya wa yayanta cewa dare ɗaya ya isa. Gwamnati ɗaya ba za ta riƙe baki biyun nan ba tare da ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba. Asusun makarantar da bunƙasarsa ta dogara ga yawan iyayen da suka yi asara, an gina shi a kan rushewar gidajen da ɗaliban ke komawa da yamma.

Duk da haka, harajin riba ba tsarkakakke ba ne, kuma adalcin kwatanci ya wajabta a faɗi aibinsa. Kamfanoni na iya ɗora wani ɓangare na nauyin a kan farashin kaya. Shi ma yana fama da cutar musanya, domin gwamnatoci da dama sun sakar wa TETFund gine-ginen manyan makarantunsu, sun janye nasu hannun. An fi son gini, wanda ake bayar da kwangilarsa a yanke kintinkiri, a kan horar da malami da ba ya fitowa a hoto. Mafi muni, tun 2011 yaron firamare a Dukawuya ba shi da kaso a wannan asusu. Nasa rabon yana hannun hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a Abuja saboda jihohi da yawa ba su kawo nasu kason ba.

Sai dai aibin biyun ba iri ɗaya ba ne. Na haraji aibin riƙo ne: a gyara doka, a sa ido, a hukunta ɓarawo, sai ya miƙe. Na caca a cikin ƙirarta yake, domin ba ta samun ko kwabo sai mutane da yawa sun faɗi. Wanda aka cire wa haraji yana jin zafin, don haka yana tambayar inda kuɗinsa ya tafi, kuma wannan tambaya ita ce mafarin bin ba'asi. Wanda ya sayi tikiti bai ci ba, sa'arsa yake zargi, ba ya tuhumar kowa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ta kuma ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta. Abin da ya rage shi ne a saki kuɗin da aka rubuta, a biya kason UBEC a kan kari, a liƙa a ƙofar kowace makaranta nawa aka turo mata da abin da aka yi da shi, yadda kwamitin iyaye da mai unguwa za su iya tambaya. Ga kuma wakafi, wanda ya riƙe jami'o'in Al-Azhar da Ƙarawiyyin ɗaruruwan shekaru, kuma Kano na da hukumar zakka da hubusi da attajiran kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau da za su iya raya shi. Hukuncin Kotun Ƙoli ya bar wa kowace jiha zaɓinta. Kano ta zaɓi ta nemi kuɗin ilimi a inda riba take, ta bar wa leburan da ya wuni yana dako 'yan canjinsa ya kai wa iyalinsa.