Zuriyar Kwarorin Kano: Daga Sikelin Gyaɗa Zuwa Birnin Landan

Daga Wakilinmu

Duk dattijon da ya yi noman gyaɗa a ƙasar Rimin Gado ya san Kwara, ko da kuwa bai taɓa yin ido biyu da shi ba, domin bayan kaka ta hannun ejan da 'yan baranda buhunansa kan bi hanyar Gwarzo su faɗa birnin Kano, inda Kwarori da kamfanonin Turawa ke jira da sikeli.

Su dai Kwarori mutanen Labanan da Siriya ne, waɗanda suka baro ƙasarsu tun tana hannun Turkawa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da haɓakar cinikin gyaɗa daga 1912, su suka jawo da yawansu. Aka ba su wuri a gefen Fagge, suka buɗe kantunan yadi, kuma daga sunansu aka sami Kantin Kwari.

Gidan Calil misali ne na yadda irin wannan zuriya kan kasance. George Calil ya kafa masana'antar matsar man gyaɗa a Kano a shekarun 1940. A nan aka haifi ɗansa Ely a 1945, wanda ya girma ya koma Ingila, ya yi ƙaurin suna a cinikin man fetur. A 2004 an ambace shi cikin yunƙurin juyin mulkin ƙasar Ikwatoriyal Gini, zargin da ya musanta. Ya rasu a Landan a 2018.

To, ba kowane gida ne ya tashi ba. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa wasu sun tattara komatsansu, amma wasu sun zama 'yan Nijeriya, jikokinsu na jin Hausa kamar jakin Kano.

Manomi fa? Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Mai jari ya juya dukiyarsa zuwa wata sana'a, shi kuwa manomi ya koma ga dawa da gero.

Saboda haka ya kamata masana tarihi su hanzarta zuwa ƙauyuka irin na Rimin Gado, su ɗauki bayanin tsofaffin da suka rage. Tarihin mai sikeli yana rubuce. Na wanda ya noma abin da aka auna kuwa yana bakin dattawa, ga shi kullum raguwa suke yi.